Fulin Famfon Sitiyari: Yadda Ake Gane Lalacewarsa da Yadda Ake Sake Shi a Tsohuwar Mota

GABATARWA

Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi ne domin direbobi da masu motoci da kanikawa da yaransu masu koyon sana'a, a duk inda suke cikin Tarayyar Nijeriya. Abin da za a yi bayani a kansa ƙarami ne a ido: wani faifai ne wanda faɗinsa bai wuce na tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba, yana maƙale a gaban famfon sitiyari, fambel yana juya shi. Kanikawa suna ce da shi fuli, irinsa kuwa na bakin rijiya shi ne Bahaushe ke kira kura. Ƙanƙantarsa ta sa mutane da yawa ba su damu da shi ba sai ranar da ya tsage ko ya kuɓuce, sitiyari ya yi nauyi a hannun direba yana tsakiyar kwana, da fasinjoji cike da mota. Don gudun irin wannan rana aka rubuta abin da ke biye. Wanda ya karanta, ya taimaka ya karanta wa abokin sana'arsa wanda bai iya ba.

DALILIN ƊAUKAR MISALI DA KAFANCHAN

Garin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna, jirgin ƙasa ne ya raya shi. A shekarar 1927 aka gama haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna, a nan Kafanchan kuma reshen da ya nufi Jos ya rabu, har garin ya zama babbar mahaɗa. A 1933 Sarkin Jema'a ya baro tsohon gari ya dawo nan da zama. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya tun daga shekarun 1980, sai nauyin kaya da na matafiya ya koma kan mota.

Hanyoyin mota na wannan yanki kuwa ba shimfiɗaɗɗu ba ne kamar na Kano zuwa Katsina. Wanda ya bi ta Zonkwa da Kachiya zuwa Kaduna, ko ta Kwoi zuwa Keffi, ko ta Gidan Waya da Gwantu zuwa Akwanga, ko ya ratsa ta gindin duwatsun Kagoro ya nufi Manchok, ya san hawa da gangara da kwana-kwana. Mai zuwa Jos ta Gidan Waya kuma sai ya hau Hawan Kibo a Jihar Filato, wanda sunansa kaɗai ya ishi direba gargaɗi. Ga damina mai tsawo daga Afrilu zuwa Oktoba, ga hanyoyin jar ƙasa da ke shiga ƙauyukan Jaba da Kachiya da Kagarko inda ake ɗauko citta, ga ƙurar hunturu. Yawancin motocin da ke wannan aiki tsofaffi ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka ko Japan bayan sun riga sun ci zamaninsu a can. Saboda haka abin da ya gyara motar Kafanchan zai gyara ta ko'ina a ƙasar nan.

YADDA SITIYARI MAI FAMFO KE AIKI

Tsofaffin direbobi sun tuna da zamanin da ƙarfin damtse kaɗai ke juya sitiyari. Da yawa daga cikin motocin Peugeot 504 da kamfanin harhaɗa Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika hanyoyinmu da su, haka suke. Dabarar taimaka wa hannun direba da ƙarfin mai kuwa, a Amurka wani injiniya mai suna Francis Davis ya gwada ta a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da ƙaramar mota mai irin wannan sitiyari a 1951.

Ga yadda abin yake. Inji yana juya babban fuli da ke ƙasa a gabansa. Wannan fuli yana jan fambel, fambel yana juya fulin famfo, fulin kuma yana juya shaf, watau sandar ƙarfen da ta shiga cikin famfo. A ciki akwai 'yan fukafukai da ke tura man sitiyari da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa akwatin sitiyari. Da direba ya karkata hannu dama ko hagu, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, mai ya tura tayoyi wajen da yake so. Ƙarfin matsin wannan mai yakan ninka iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota sau talatin ko fiye. Duk wannan ƙarfi ta kan fuli yake bi, domin shi ne kaɗai abin da ya haɗa inji da famfo.

A lura da abu biyu. Na farko, a motoci da yawa fambel guda ɗaya mai faɗi shi ne ke juya famfon sitiyari da na'urar cajin batir da na'urar sanyaya mota, a waɗansu har da famfon ruwan lagireto. In fulin sitiyari ya jefar da wannan fambel, duk sun tsaya tare. Na biyu, waɗansu manyan motoci, musamman 'yan Amurka masu shan dizil, da matsin man famfon sitiyari birkinsu ke samun taimako, watau in famfo ya tsaya birki ma zai yi tauri.

Motocin baya-bayan nan da yawa sitiyarinsu da lantarki yake aiki, dabarar da kamfanin Suzuki ya fara sawa a mota a 1988. Waɗannan ba su da famfo mai fambel, saboda haka bayanin nan bai shafe su ba.

FULI IRI UKU NE

Kafin bakanike ya ɗauki sifana, lalle ne ya duba ya gane irin fulin da ke gabansa, domin kowanne da yadda ake cire shi.

Na ɗaya shi ne mai noti guda a tsakiya. Shaf yana da haƙora-haƙora, ko kuwa wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke zaune cikin tsaga, wanda ke hana fuli zamewa. An fi samun wannan a motocin Japan.

Na biyu shi ne mai notuna uku, wani lokaci huɗu, da aka ɗaure a kan wani ɗan faranti da ke bakin shaf. An fi samunsa a motocin Turai, shi ne kuma mafi sauƙin sakewa.

Na uku shi ne na matsi, wanda ba shi da noti ko ɗaya. Ramin fulin ya ɗan fi shaf ƙanƙanta, da ƙarfi aka tura shi, matsin nan ne kaɗai ke riƙe da shi. Ana gane shi da wani ɗan wuya mai tsaga da ya fito a tsakiyarsa, da kuma rami mai zare a cikin bakin shaf. An fi samunsa a motocin Amurka kamar na Ford da General Motors da Chrysler. Waɗansu na ƙarfe ne, waɗansu na baƙar roba mai tauri da zoben ƙarfe a tsakiya. Wannan iri shi ne aka fi ɓatawa a garejojinmu, domin yana bukatar ƙarfen cirewa na musamman.

ABUBUWAN DA KE LALATA FULI

Tsufa yana cikinsu. Shekara da shekaru fambel yana goga kwarin fuli, ƙura da yashi suna shiga tsakani suna aiki kamar dutsen wasa wuƙa, har kwarin ya faɗaɗa. Ruwan damina da taɓo suna kawo tsatsa, tsatsa kuma tana cin fambel. Fulin roba kuwa zafin inji yana busar da shi har ya tsattsage. Dutse da taya ta harbo, ko karo ko da ƙarami ne, yana iya lanƙwasa bakinsa.

Amma gaskiyar magana, hannun mutum ya fi duk waɗannan ɓarna. Mafi yawan lanƙwasasshen fuli a wurin gyara ya lanƙwashe: an zo sake famfo, ba a da kayan cirewa, aka sa ƙarfen taya aka ɓamɓare shi, aka mayar da shi da guduma. Haka kuma ɗaure fambel fiye da kima, da nufin kashe ƙara, yana jan fuli gefe guda har boris ko bushin famfo ya ci.

ALAMOMIN DA DIREBA ZAI LURA DA SU

1. Ƙara mai kama da kukan tsuntsu ko fito daga gaban inji, musamman da safe, ko lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe.
2. Sitiyari ya yi sauƙi, can ya yi nauyi, ya sake sakewa, ko ya riƙa fizgar hannu.
3. In an buɗe bonet inji yana aiki, a ga fuli yana rawa kamar tayar keke da ta karkace.
4. Gefen fambel yana zarewa, ko a ga baƙin gari kamar na gawayi a kewayen famfo.
5. Fambel yana yawan faɗuwa ko tsinkewa, an sake sabo bai daɗe ba.
6. Tsaga a jikin fuli, ko wani ɓangare na bakinsa ya ɓalle.

Ba kowace ƙara ce laifin fuli ba, saboda haka a bincika kafin a kashe kuɗi. In ƙarar gurnani ce mai ƙaruwa da an juya sitiyari, a fara duba mai, wataƙila ya ragu ne ko iska ta shiga. In fito ne, bakanike yana iya fesa ɗan ruwa a cikin fambel daga nesa, inji yana aiki a hankali. Idan ƙarar ta ƙaru, fambel ne ya saki. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci sa'an nan ta dawo, alama ce fulin bai yi layi ɗaya da sauran ba.

Bayan haka a kashe inji, a cire fambel, a yi gwaji uku. A juya fuli da hannu, a riƙe alli kusa da bakinsa ba tare da motsa hannu ba. In allin ya taɓa gefe guda kawai, akwai karkata. A kama fulin a girgiza shi sama da ƙasa. In yana motsi tare da shaf, famfon ne ya ci, sake fuli kaɗai ba zai yi magani ba. Ɗan motsi kaɗan na ciki da waje kuwa ba laifi ba ne a famfo da yawa. Na uku, a dubi kwarin fuli mai siririn fambel. Irin wannan fambel da gefunansa yake kamawa, bai kamata ya taɓa ƙasan kwari ba. In ƙasan kwarin yana ƙyalli, fulin ya cinye, lokacin sake shi ya yi.

SAYEN WANI FULI

Ko a kasuwar Kafanchan za a saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo ta Ikko, ko Nnewi, ƙa'idar ɗaya ce: a tafi da tsohon, a aza su tare. A gwada faɗi, domin in sabon ya fi ƙanƙanta famfo zai yi gudu fiye da ƙa'ida, in ya fi girma sitiyari zai yi nauyi lokacin da inji ke tafiya a hankali, fambel ɗin ma tsawonsa ba zai dace ba. A ƙirga layukan kwari, kada a sa mai biyar a wurin mai shida. A gwada ramin tsakiya. A kife su duka biyu a kan tebur a ga zurfinsu ɗaya ne, domin wannan zurfi shi ke sa fuli ya faɗa layi ɗaya da sauran.

In na hannu za a saya, watau wanda aka ciro daga wata mota, a duba tsaga da tsatsa da sawun guduma. Fulin matsi wanda ya shiga shaf da tura hannu kawai, raminsa ya buɗe, ba shi da sauran amfani. Kada a yarda a yi wa fuli walda a kan shaf, domin zafin wuta yana ƙona robar da ke tare mai, kuma ba za a sake iya raba su ba. Kada kuma a miƙe lanƙwasasshe da guduma a mayar. Araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa jabun kaya yana da ikon kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1971 saboda irin wannan.

SHIRI KAFIN A FARA AIKI

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. A bar inji ya huce. A zare makulli a sa a aljihu, a cire wayar batir ta gefen alamar ragewa, domin fankar lantarki ta waɗansu motoci tana iya tashi ko inji a kashe yake. Mai aiki ya tuɓe babbar riga, ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun riga. Yatsu da yawa sun salwanta tsakanin fambel da fuli saboda wani ya tayar da inji bai san hannun ɗan'uwansa yana ciki ba.

A zana hanyar da fambel ya bi a takarda, ko a ɗauki hotonsa da waya. In tsohon fambel za a mayar, a sa masa alamar kibiya da alli don ya koma yana juyawa yadda ya saba. In fulin na matsi ne, a duba a auna inda ya tsaya a kan shaf tun kafin a taɓa shi: ko bakinsa ya yi daidai da bakin shaf, ko akwai 'yar tazara. A rubuta wannan awo.

Kayan aiki su ne sifanu masu daidai da notunan motar, da rula ta ƙarfe ko wani miƙaƙƙen ƙarfe, da tsumma mai tsabta, da takardar goge tsatsa mai laushi, da man sitiyari, da jak da abin tokare mota. In na matsi ne, sai an sami ƙarfen cirewa da na mayarwa. Garejin da bai da shi ya ara, ko kanikawan unguwa su haɗa kuɗi ta hannun ƙungiyarsu su saya su riƙa amfani da shi tare.

CIRE TSOHON FULI

Mai noti guda da mai notuna uku: a sassauta notunan tun fambel yana ɗaure, domin shi ne zai riƙe fuli kada ya juya. In bai riƙe ba, a yi amfani da ƙarfen riƙo wanda ke shiga ramukan jikin fuli. Sa'an nan a saki fambel, ko ta sassauta notin da ke jan famfo, ko ta danne abin da ke ɗaure fambel da kansa. A ƙarasa kwance notuna, a zaro fuli. In ya kafe, a zuba ɗan man sassauta tsatsa a dakata. A kula da ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata, kada ya faɗa ƙasa ya ɓace.

Na matsi: a cire fambel tukuna. In wuri ya yi ƙunci, a cire rufin fanka, ko a kwance famfo daga mazauninsa a karkato shi ba tare da an cire tiyo ba. Ƙarfen cirewa yana da ɓari biyu da ke kama tsagar wuyan fuli, da zobe da ke rufe su kada su buɗe, da doguwar ƙusa mai zare da ke tokare bakin shaf. A shafa wa zaren ɗan mai. A riƙe jikin ƙarfen da sifana ɗaya, a juya ƙusar da ɗaya, a hankali. Fuli zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har ya rabu.

Kada a yi amfani da ƙarfen cirewa mai ƙafa uku wanda ke kama bakin fuli ta waje, domin yana lanƙwasa na ƙarfe, yana fasa na roba. Kada a sa wuta. Kada a sa guduma.

SA SABON FULI

A goge shaf da tsumma, in da tsatsa a bi ta da takarda mai laushi sama-sama, kada a rage kaurinsa. A duba bakin famfo inda shaf ya fito. In mai yana tsattsafowa, yanzu ne lokacin gyara shi, tun fuli yana waje. A tabbata fuskar fuli ta waje tana waje.

Mai noti guda: a mayar da ɗan ƙarfen riƙo cikin tsagarsa, ko a daidaita haƙora, a tura fuli da hannu har ya zauna, a sa wasa da noti. Mai notuna uku: a kama dukansu da hannu tukuna, sa'an nan a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, don fuli ya kwanta daidai. Ɗauri na ƙarshe sai bayan an sa fambel, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Na matsi: a shafa ɗan man sitiyari a kan shaf. A aza fuli a bakinsa a miƙe. A ɗaura ƙusar mayarwa cikin ramin zaren da ke bakin shaf har ta kai ƙarshe. A tabbata zaren ya dace, domin na waɗansu motoci awon inci ne, na waɗansu na milimita. In aka tilasta wanda bai dace ba, zaren zai mutu, famfon duka ya tashi aiki. A riƙe ƙusar da sifana ɗaya kada ta juya, a juya notin da ke kanta da ɗaya sifanar. Notin zai tura wasa, wasa ya tura fuli ciki. A riƙa tsayawa ana dubawa, har ya kai awon da aka rubuta tun farko. A yawancin motoci bakin fuli da bakin shaf daidai suke tsayawa.

Ga dalilin da ya sa aka hana guduma. Da ƙarfen mayarwa, shaf ne da kansa ke jawo fuli, ba abin da ya taɓa cikin famfo. Da guduma kuwa, kowane bugu yana bi ta shaf ya sauka a kan faranti da fukafukan da ke ciki. Mota za ta iya barin gareji lafiya, bayan mako biyu famfo ya fara gurnani, mai mota ya sake biyan kuɗin da ya ninka na fuli sau da yawa. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Da an gama, a aza rula a fuskar sabon fuli ta kai ga fulin da ke kusa da shi. Kwarinsu ya zama layi ɗaya. Kuskuren layi guda na kwari ya isa ya cinye sabon fambel ko ya jefar da shi.

FAMBEL DA MAI

Tun da an riga an buɗe wurin, in fambel ya tsattsage, ko ya yi ƙyalli, ko mai ya jiƙa shi, a sake shi. A bi zanen da aka yi, a tabbata kowane layi ya faɗa kwarinsa a kan kowane fuli. Inda da hannu ake ɗaurewa, a danna tsakiyar fambel da babban yatsa a wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Ya lotsa kamar santimita ɗaya. Wajen jan famfo kada a tokare ƙarfe a jikin tankin mai, domin yana lotsewa ya fara yoyo.

Man sitiyari ba iri ɗaya ba ne. Waɗansu motoci, kamar tsofaffin Toyota da yawa, jan man giya mai canza kanta suke sha. Honda tana da nata na musamman. Waɗansu motocin Turai kore suke sha. A karanta abin da aka rubuta a murfin tanki ko a littafin mota. Man birki kuwa kada a kuskura a zuba, domin yana lalata robobin da ke cikin famfo da akwatin sitiyari.

In an cire tiyo ko mai ya zube, iska ta shiga, sai an fitar da ita. A ɗaga gaban mota a tokare ta da kyau, kada a dogara da jak kaɗai. Inji a kashe, a cika tanki zuwa alama, a juya sitiyari daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu a hankali kamar sau ashirin, ana duba mai ana ƙarawa. Sa'an nan a mayar da wayar batir, a tayar da inji, a sake juyawa. In mai ya yi kumfa, a kashe inji a jira ya kwanta, a maimaita. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar, domin a nan ne matsi ke kai matuƙa, mai ya yi zafi. Tsohon mai a tara shi a galan, kada a zubar a kwata ko rafi inda mutane da dabbobi ke sha.

GWAJI

A tsaya gefe, inji yana aiki, a dubi fuli: ya riƙa juyawa sumul ba rawa. In sabon fuli ma yana rawa, shaf ne ya lanƙwashe, sai a sake famfo. A sauke mota, a gwada ta a fili ba fasinja, a yi kwana dama da hagu. A dawo a duba yoyo da notuna. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake duba ɗaurin fambel, domin sabo yakan ɗan saki.

IDAN ABIN YA FARU A KAN HANYA

A ce direba ya taso daga Kafanchan da buhunan citta, yana cikin gangara sai ya ji ƙara a gaba, jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi. Abin da zai fara tunawa shi ne sitiyarin bai tsinke ba, taimako kawai ya rasa. Mota za ta juya, sai dai da ƙarfi, nauyin kuma zai ƙaru yayin da gudu ke raguwa. Ya kama da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki a hankali, ya sauko da giya. Kada ya kashe inji mota tana tafiya, domin birki zai rasa taimakonsa, in kuma makulli ya koma baya sitiyari yana iya kullewa. Ya kunna fitilun haɗari, ya nemi wuri miƙaƙƙe ya sauka daga kan kwalta, sa'an nan ya kashe inji. Ya sa alamar gargaɗi mai kusurwa uku nesa da bayan mota, fasinjoji su fito su tsaya nesa da titi. In ya sa ganye ko duwatsu a hanya, lalle ya kwashe su kafin ya tafi.

In fambel ɗin da ya faɗi shi ke juya famfon ruwa, kada a ce za a lallaɓa zuwa gari na gaba, domin cikin 'yan mintoci inji zai yi zafi ya ƙone. A nemi bakanike ko motar ja. Ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122.

KIRA GA JAMA'A

Ana roƙon kowane direba ya buɗe bonet kowace safiya kafin ya yi lodi, ya dubi fambel da fuli da man sitiyari kamar yadda yake duba ruwa da baƙin mai. Aikin minti biyu ne. Masu motocin haya su saurari direbobinsu in sun kawo ƙarar sitiyari, kada su ce a bari sai an dawo daga wannan tafiya. Shugabannin tasha su hana lodi ga motar da fambel ɗinta ke kuka. Manyan kanikawa su koya wa yaransu aiki da ƙarfen cirewa tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai mota kuma yana da ikon ya tambayi bakanike da me zai cire fuli, da me zai mayar, ya kuma nemi a nuna masa tsohon bayan an gama. Jami'an duba lafiyar motoci na jihohi da na Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da ikon tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba, saboda haka a ba su haɗin kai.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.